Ɗan Farin Inna da Jirgin da Ya Faɗi

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Hamma ba. Hamma shi ne babban wanmu, haka muke ce wa yaya namiji a gidanmu na Bolari, kuma shi ne ɗan farinta. Duk wanda ya tashi a Gombe ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta fi ta kowa tauri, don ita da fulakonta aka kawo ta gari daga ruga, kuma ba ta rage ko kaɗan ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In mai sunansa ya zo sayar da gawayi, sai dai ta ce masa mai gawayi har ya tafi. In wata baƙuwa da ba ta san kan gidan ba ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga kaina take fara lissafi.

Goggo, yayar mahaifinmu, ita ta ɗauke shi tun da aka yaye shi. Ita ke yi masa faɗa, ita ke yabonsa, ita ke shiga rigimarsa a unguwa. Ni kuma da na fara iya magana, kuma Allah ya hore mini baki ba kaɗan ba, sai na zama 'yar aike tsakanin uwa da ɗa. Yana zaune a kan turmi, tana bakin murhu, in ya miƙa hannu zai taɓa ta, amma sai ta ce mini, "Ki ce wa wancan abinci na hucewa." Ni kuwa in juya in maimaita masa kamar kurma ne. Shi ma ya ce, "Ki ce mata na gode." Ina ƙarama abin dariya yake ba ni. Da na girma ya koma ba ni haushi, amma ban daina aikin ba.

Da Hamma ya ce zai shiga sojan sama, mahaifinmu ya riga ya rasu. Goggo ce ta tsaya masa, ta rufe bakin duk mai cewa ɗan Fulani da sanda aka san shi ba da jirgi ba. Ta ga ranar da ya fara dawowa da kaki, ta yi rawa a tsakar gida da ƙafarta mai ciwo. Ba ta daɗe ba bayan nan ta bi ɗan'uwanta. Da rasuwarta sai ya zama babu wata mace a duniya da ke da ikon buɗe baki ta yi magana a kan Hamma, don wadda ta haife shi ba za ta yi ba.

A sansanin horar da matuƙan jirgin yaƙi yake, can nesa da mu. In ya zo hutu yakan zauna a ƙofar shagona na ɗinki, wanda ke manne da zauren gidanmu, ya cika mu da labari. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne labarin wani fili a bayan rumfunan ajiye jirage, inda aka tara gawarwakin tsofaffin jiragen da suka faɗi tun kafin a haife mu. Ya ce ranar farko can ake fara kai sababbin ɗalibai. Wani tsohon malami zai bi da su ɗaya bayan ɗaya: wannan ya shiga hadari bai ga dutse ba, wannan tayarsa ta fashe wajen sauka ya kife, wancan ɗalibi ne ya ruɗe ya ja abin da bai kamata ya ja ba. Akwai wanda ya faɗa gonar dawa, har yau manoman wurin in suna huɗa sukan tono ƙarfe, wani ma da guntun fiffike ya yi wa garken awakinsa ƙofa. Ba don a tsorata su ake kai su ba, in ji Hamma, don su san kowace doka da za a koya musu wani ne ya mutu kafin a kafa ta.

Ni dai tsorata ni ya yi. Nakan ce masa, "Wannan ai maƙabarta ce kuka mayar makaranta." Ya yi dariya ya ce ni da allura ma tana sa ni ihu. A irin wannan lokacin Inna takan tuna tana da waken da za ta tsince, kuma duk faɗin gidan nan babu inda ke da haske sai bakin zaure. Ba ta ɗago kai. Amma na lura tsintar waken ba ta ƙarewa sai labarin ya ƙare.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wanda bai zauna Gombe a lokacin ba ba zai gane ba. Ka fito da safe sai shingen sojoji, ka sauka daga babur ka tura shi, ka ɗaga hannu sama. A ƙofar masallaci a laluba ka, a ƙofar coci a laluba ka. Tasha da kasuwa, inda muka saba kutsawa ba tunani, suka zama wuraren da mutum ke shiga da addu'a ya fito da hamdala. Motoci na ta sauke mutane daga gabas da ƙullin kaya a ka, wasu ko takalmi babu. Jiragen yaƙi kuma suka riƙa ratsa samanmu, ƙararsu na girgiza kwanon rufi. A wannan lokacin ne aka zaɓi Hamma ya koyi tuƙin jirgin da ke ɗaukar bam. Mai koyar da shi kuwa abokinsa ne tun na sakandare, ɗan unguwar Herwagana, Kirista, wanda ya riga shi shiga aikin. Yaron nan ya sha furar Inna ba adadi, kuma shi tana kiran sunansa, tana ma yi masa tsiya cewa ya ƙi aure.

Da hantsi aka kira ni, ina tsakiyar yanka wata atamfa. Wata murya da ban sani ba ta tambaya ko ni ce ƙanwarsa. Aka ce jirginsu ya faɗi a wajen atisaye, Hamma yana asibiti da rai, amma abokin nasa ya cika. Atamfar nan sai da na saya wa mai ita wata, don ban san inda almakashi ya bi ba.

Na shiga gida ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Inna tana tuƙa tuwon rana. Na faɗa mata duka a tsaye, ina haɗa magana da majina. Muciyar ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da tuƙi har ya yi laushi, ta rufe tukunya, ta rage wuta, sannan ta ce, "Ɗan mutanen ne ya rasu?" Na ce shi ne. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaro mai ladabi." Hawaye ya zubo mata, kuma tana da ikon zubar da shi tunda a kan ɗan wata ne. Game da nata ba ta tambaye ni komai ba, ko ƙafa ce ko kai, ko yana magana ko ba ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce mata, "Inna, yau ma?" Ta dube ni ta ce in je in wanke fuskata, mutane za su fara shigowa.

Daga baya Hamma ya ba mu labarin yadda abin ya faru. Sun tashi ke nan, ba su yi nisa da ƙasa ba, ungulu ta shige injin. Injin ya mutu nan take. Jirgin yana da kujerar da ke harba matuƙi waje ya sauko da lema, kuma abokin nasa, da yake shi ne malami, ya ba shi umarni ya fara fita. Hamma ya ja abin harba kujerar, ya tsinci kansa a sama, ya faɗo cikin wata gona ya karye a ƙafa, bayansa kuma ya bugu. Kafin abokin ya fita jirgin ya riga ya yi ƙasa sosai, lemarsa ba ta samu ta buɗe ba. Ko da yake faɗa mana bai yi kuka ba, sai dai ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

Mun je ta'aziyya Herwagana ni da Inna, kafin ma a sallamo Hamma. Gidan cike, mata 'yan coci sanye da anko suna rera waƙoƙinsu a hankali. Mahaifiyar mamacin, wadda duk muke ce wa Mama, tana zaune a ƙasa an kewaye ta. Tana kiran sunan ɗanta da ƙarfi, ta kira ta sake kira, tana faɗin abin da yake so ya ci, da yadda yake mata wasa in ya dawo. Shi ma ɗan farinta ne. Da ta ga Inna sai ta kama hannunta biyu ta ce, "Maman abokinsa, yaya ɗanki? Yana cin abinci? Ƙafar fa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ni na amsa, na ce da sauƙi, na ɗan raɗa wa Mama cewa ai ta san al'adarmu. Mama ta girgiza kai ta ce, "Na sani, 'yata. Ni dai nawa na kira shi iya kira, ban bar komai a ciki ba." Ba da gori ta faɗa ba, cikin kuka ne. A keke muka dawo. Har mai keken ya wuce kwanar gidanmu Inna ba ta tsayar da shi ba, ita da ba a cin kwabonta a banza.

Da aka kawo Hamma gida da sanduna biyu, unguwa ta cika gidanmu. Inna ta gaisa da kowa, ta karɓi barka da arziki kamar an zo yi wa maƙwabciya. Amma tun daga ranar tukunyarta ta canza. Yau farfesun ƙafar sa, gobe romon kaza da man shanu, jibi kindirmon da ta aika har ruga aka kawo. Ta zuba ta miƙo mini ta ce, "Ki kai wa mai jinyar can." Ta sa aka nemo wani tsoho mai ɗori ya duba aikin likitoci, wai ba don komai ba, don dai tsohon ya kwana biyu bai zo gaisuwa ba. A haka ƙafa ta haɗe. Ya ajiye sanda ɗaya, ya ajiye ta biyu, ya fara zagaya unguwa da sassafe, har ya kai yana gudu.

Nan rigimar ta taso. Ya koma likitocin soja suka duba shi ciki da waje, suka ce garau yake. Aka ba shi zaɓi: ko ya koma tuƙi ya ƙarasa kwas ɗinsa, ko a ba shi aikin ofis, ko ma ya ajiye aikin gaba ɗaya ba wanda zai zarge shi. Aka ba shi hutu ya yi shawara da gida.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a dangi. Mutumin kirki ne, yana da shagon kayan gyaran mota a bakin tasha, sai dai in ya kafe a kan magana ko da tirela ba a janye shi. Ya ce Allah ya nuna mana ishara, wanda ya faɗo daga sama ya tashi da ƙafarsa ba ya sake komawa ya gwada. Ya ce ga shago nan, ya zo su riƙe tare. Ni kuwa ina bayan Baffa ɗari bisa ɗari, kuma ban ɓoye ba. Na ga Mama a ƙasa tana kiran suna, ba na so in ga irin ranar a gidanmu. Kullum sai na shiga ɗakin Hamma na zazzage masa, na ce sojan sama ba shi kaɗai suka ɗauka ba, wasu su je.

Shi kuwa amsarsa ɗaya ce. "Ni ina so in koma. Mutumin nan ya ce in fara fita, ba don in zo in sayar da fulogi ya ce ba. Amma abin da Inna take so shi zan yi. In ta ce in zauna, na zauna."

To, ga inda gizo ke saƙa. Wa zai tambayi Inna? Baffa ƙanin mijinta ne, ba zai iya zama ya yi mata zancen ɗan farinta ba, ita ma ba za ta amsa masa ba. Hamma ba zai iya ba. Ni na gwada, na same ta tana tankaɗe na ce, "Inna, maganar Hamma fa, me kika gani?" Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Miƙo mini rariyar can." Shi ke nan. Sai kowa ya ɗauki shirunta ya fassara yadda ya ga dama. Baffa ya ce shirun uwa ai kuka ne, wace uwa ce za ta so ɗanta ya koma bakin mutuwa? Na ce gaskiya ne. Hamma ya ji mu, ya yarda, tunda ba shi da wata hanyar ji.

Daga nan ya fara lalacewa a gabanmu. Mutumin da ya warke sumul sai ya daina gudun safe. Ya fara zuwa shagon Baffa yana zama a kan benci, in an tambaye shi kaya ya miƙa wanda ba shi ba. In jirgi ya ratsa sama yakan miƙe tsaye ba tare da ya sani ba, ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya shige ɗaki. Ranar kwanon abincinsa yadda na kai haka nake dawowa da shi. Inna takan buɗe kwanon ta duba, ta rufe, ta ajiye.

Ana cikin haka ƙanwar Inna ta iso daga gabas da 'ya'yanta da jikoki. An kore musu shanu kaf, an ƙone rugar, sun yi kwanaki suna tafiya a daji. Muka shimfiɗa musu tabarmi a ɗakin Goggo. Ina jin su da Inna a kicin suna hira da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ƙanwar tana cewa a dajin nan ba su da agogo sai jirgi. Ranar da suka ji ƙararsa sun san maharan za su ɓuya, sai su fito su yi ta sauri. Ranar da sama ta yi shiru kuwa a cikin kwazazzabo suke yini, suna toshe bakin yara. Ta ce ita ba ta san ko su wane ne a cikin jiragen ba, amma kowace salla sai ta yi musu addu'a. Ba ta ambaci Hamma ba, ita ma ta san iyakarta.

Da hutun ya zo ƙarewa Baffa ya tara mu bayan la'asar don a rufe magana. Aka shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida. Ga Baffa, ga wasu dattawan dangi, ga Hamma a gefe ya tanƙwashe ƙafa, ga ni a bakin ƙofa don ba a isa a yi ba ni ba. Inna tana kicin, inda kowa ya san za ta kasance. Baffa ya yi doguwar nasiha, ya kawo ƙarshe da cewa, "Ka dubi mahaifiyarka. Baiwar Allah nan tun da abin ya faru ba ta barci, ta rame ta ƙare. Ba za ta faɗa ba, amma mu mun gani. Ka tausaya mata ka ajiye aikin nan." Hamma ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baffa. Na ajiye." Muryarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Ni har na fara hamdala a zuci.

Sai muka ji an ajiye murfin tukunya. Inna ta fito da mayafinta a ka, ta zo ta zauna a bakin tabarmar maza, abin da ban taɓa gani ba. Dattawan suka kama gyara zama. Ta fuskance ni, kamar yadda ta saba.

"Ki tambayi Baffanku, wa ya gaya masa ba na barci?"

Baffa ya yi tari ya ce ai abu ne da ake gani.

"Ki ce masa barcina nake yi har da minshari. Rama kuwa tun ina budurwa haka nake, bai san ni da ƙiba ba."

Wani dattijo ya kusa yin dariya, ya mayar da ita tasbihi. Inna ta ci gaba, har yanzu ni take kallo. "Ki ce masa na gode da kulawarsa, Allah ya bar zumunci. Amma kada a ɗora mini maganar da ban yi ba. Sannan ki ce wa wancan..."

Ta tsaya. Na jira in ji saƙon in kai. Ta kama bakin mayafinta ta murɗe. Sai ta juya, a hankali, ta dubi Hamma ido cikin ido.

"Kai."

Hamma ya ɗago a firgice, ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani take.

"Da kai nake. Ƙafar ta warke?"

"Ta warke, Inna."

"Bayan fa?"

"Shi ma."

"Tsoro kake ji?"

"Ina ji, Inna. Amma ba wanda zai hana ni ba."

"To zaman me kake yi a nan? Ɗan mutane ya ba ka hanya ka fita, ga 'yan'uwana a ɗaki ba su da ko akuya. Ni ban haifi mai gadin benci ba. Ka tashi ka koma aikinka, Allah ya tsare gabanka da bayanka. Na yafe maka duniya da lahira."

Ta miƙe ta koma kicin da sauri kamar wadda ta yi sata. Hamma, ƙato da shi, wanda bai yi kuka ba ranar da yake ba mu labarin abokinsa, ya kifa kai a gwiwa yana shessheƙa. Shekara talatin da wani abu yana duniya, ranar ya fara jin muryar uwarsa ta nufo shi ba ta bi ta kan kowa ba. Baffa ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce, "To, mai ɗa ta yi magana. Mu 'yan rakiya ne." Ya shafa fatiha aka tashi.

Ni kam fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Na bi ta kicin na ce, "Inna, shekara da shekaru kina aike na, ranar da za ki yi magana da bakinki sai ki tura shi wuta?" Tana ta hura wutar da ke ci da kanta. Ta ce, "Ke kina ganin kwanon da kike dawowa da shi. A can mai yiwuwa ne ya mutu. A nan kuwa ya riga ya fara." Na dai yi kwana biyu ina gaishe ta a daƙile.

Kafin ya tafi sai da ya je Herwagana ya durƙusa gaban Mama ya gaya mata. Ta ɗora masa hannu a ka ta yi masa addu'a irin tasu, ta ce daga yau shi ne babban ɗanta. Muka raka shi tasha ni da Baffa, wanda ya yi ta gunaguni a hanya amma shi ya zaɓar masa mota mai sababbin tayoyi. Inna ba ta fito ko zaure ba. Ta koma yadda take, kamar ranar nan ba a yi ta ba. In ya kira waya ni ke ɗauka, ni ke kai gaisuwa in dawo da amsa.

Can sansanin ba su miƙa masa jirgi haka nan ba. Sai da ya sake bin karatun daga tushe, ya yi ta tashi da wani malamin a bayansa. Ya gaya mini ranar da ya koma ya je filin nan na bayan rumfuna, ya tarar an kawo ragowar jirginsu an ajiye a ƙarshen layi, kuma yanzu da shi ake yi wa sababbin ɗalibai bayanin tsuntsaye. Tsohon malamin ya ce ya zo ya faɗa musu da bakinsa, ya kuwa tsaya ya faɗa. Abin da ya rage shi ne ranar da zai tashi shi kaɗai, daga kan titin da suka tashi ranar hatsarin. In ya yi, ya gama, a tura shi fagen daga. In ya kasa, shi ke nan, sai ofis. Bai gaya mana ranar ba, wai kada mu hana kanmu sukuni.

Wata ranar Laraba da azahar ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. Tun daga sallamarsa na gane, don muryar ta koma irin ta dā. Ya ce, "Ke mai baki, na tashi na sauka. Ni kaɗai. Har na bi ta kan gonar." Na yi ihu har mai kawo ɗinki ta ruga waje ta ɗauka wani abu ne ya fashe. Tsoron da nake ji bai tafi ba, har gobe yana nan, amma wallahi ranar alfahari ya danne shi. Ya ce sun ba shi wurin aiki, zai riƙa tashi zuwa gabas. Sannan ya ce, "Ki gaya wa Inna."

Na shiga da gudu ba ko ɗankwali. Tana zaune da ƙanwarta suna ɓare gyaɗa. Na faɗa mata duka, har da gonar. Ta jefa ƙwayar da ke hannunta cikin ƙwarya, ta karkaɗe zaninta, ta ce, "Ki ce masa na ji." Ta tashi ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa.

Na tsaya da waya a hannu, Hamma yana ta cewa me ta ce, me ta ce. Kafin in amsa sai muka ji ta daga cikin ɗaki. Guɗa ce, doguwa, mai kaifi, ta tsohuwar da ba ta taɓa yi ba ko a bikin aurena, har muryar tana karyewa a tsakiya ta sake ɗauka. Kaji suka watse. Ƙanwarta ta rufe baki da hannu tana dariya tana hawaye. Na ɗaga wayar sama na nufi ƙofar da ita don ya ji da kunnensa.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga tana tambaya lafiya, ko haihuwa aka yi. Na ce mata lafiya lau, da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Na ce Inna ce take yi wa ɗanta guɗa.